Yadda za ka gano gabas da arewa da inuwar sanda

Nemi wuri a shimfiɗe da rana ke duka tun safe. A unguwarmu Nima da ke Accra, saman bene ya fi, don lungunanmu inuwar gidaje ta rufe su.

1. Kafa sanda a tsaye cak. Ɗaure tsakuwa a zare, ka saki zaren a gefenta, ka daidaita ta da shi. Kada ka raina wannan, sanda karkatacciya ɓata aikin take yi.

2. Da ƙarfe 10 na safe, yi alama da alli a ƙarshen inuwar. Auna tsawonta da zare daga gindin sandar, ka zana da'ira.

3. Inuwar za ta yi ta gajarta har zawali, wajen ƙarfe 12, tunda layin Greenwich, wanda da shi ake daidaita agogon Ghana, ta garin Tema kusa da Accra ya ratsa. Daga nan za ta fara tsawo. Da ta sake taɓa da'irar, kusan ƙarfe 2, yi alama ta biyu.

4. Haɗa alamomin. Ta safe yamma ce, ta biyun gabas. Fuskanci gabas, arewa na hagunka.

Ka lura, Accra digiri 5 da ɗoriya take arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, shi ya sa daga Afrilu zuwa farkon Satumba inuwar zawali kudu take nunawa.