Yadda Ake Zuba Rezin A Sassaƙa Kaskon Kiran Talotalo

A Amurka talotalo na daji yana nan birjik, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin barbararsu, maharba kan fita tun asuba su kwaikwayi kukan macen don namijin ya taho da ƙafarsa. Dabara ce irin ta maharbinmu mai ɗaura kan burtu, sai dai su da murya suke ruɗin tsuntsu. Cikin kayan da suke yin kukan da su, wanda masu sassaƙa suka fi so shi ne kaskon kira: ɗan kasko zagayayye mai cika tafin hannu, an rufe bakinsa da faifan dutsen sileti ko gilas, ana goga masa ɗan tsinken katako. Ƙungiyar National Wild Turkey Federation, wadda aka kafa a 1973, har gasar masu ƙera shi take shiryawa a taronta na shekara a birnin Nashville.

Na ɗauka kana da injin sassaƙa mai juyi kuma ka iya riƙe ƙarfen yanka. Abin da za ka ƙara shi ne rezin (ruwan roba mai zuwa ɓangare biyu, da an haɗa su sai ya daskare ya yi tauri), mazubi mai faɗin inci 4 da zurfin inci 1 da ɗoriya, sikelin da ke auna giram, garin launi na mika, tukunyar matsin iska da kwamfreso. Ga rezin, nemi na foliyuretan, irin Alumilite Clear Slow. Na foliyesta ya fi araha, amma warinsa sai ya kore ka daga shago, ga shi kuma yana ɓantarewa a kan inji. Bar shi.

Yanzu ga inda kusan duk sabon shiga yake faɗuwa. Kowa yana son kaskon da rabinsa katako ne mai ƙulli-ƙulli, rabinsa rezin mai launi. Sai ya ɗauko guntun itacen da ya shekara a kan kanta, ya ƙwanƙwasa, ya ce ai ya bushe ƙayau. Bai bushe ba. Katako yana zuƙar danshi daga iska kullum, shi kuwa rezin na foliyuretan ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Da sun haɗu sai iskar gas ta taso, ka buɗe tukunya ka tarar da farin kumfa ya bi layin da katako ya haɗu da rezin. Wannan ba ya gyaruwa. Samfefa ba ta cire shi, domin a ciki yake, kuma a nan ne kaskon zai rabe in inji ya ɗauki gudu.

Maganin shi ne gashi. Saka katakon a ƙaramin oban na lantarki, zafi wajen digiri 105 na Salsiyos, ka bar shi awa 24. Kada ka dogara da agogo kaɗai. Auna shi a sikeli kafin ya shiga, ka riƙa fito da shi kana sake aunawa, ranar da nauyin ya daina raguwa ruwan ya ƙare. Da ka fitar, zuba shi cikin leda mai zif ka toshe, ya huce a ciki. Na sha ganin wanda ya yi gashin daidai, ya ajiye katakon a kan tebur ya kwana, gari ya waye danshi ya koma gidansa. Kuma kada ya zama oban ɗin da ake gasa abinci a gida. Na hannu mai araha ya wadatar.

Idan itacen mai laushi ne ko ya soma ruɓewa, sai an ƙarfafa shi tukuna: a nutsa shi cikin Cactus Juice, wani ruwan ƙarfafa katako, a tulun da ake zuƙe wa iska har kumfa ta daina fita, a bar shi ya sha, a gasa wajen digiri 90 ya daskare. Lura, na'urori biyu ne daban. Zuƙe iska don katako ne, matse iska don rezin. Masu koyo suna yawan haɗa su.

Danshi yana da wasu ƙofofin. Launi mai ruwa a ciki zai ɓata maka aiki, shi ya sa na ce garin mika. Sandar gauraya ta katako ma tana iya ɗauke da laima, yi amfani da ta roba. Ranar da ake ruwan sama kuwa, nemi wani aikin.

Manna katakon a gindin mazubi da gam mai zafi, in ba haka ba zai taso ya yi iyo. Auna ɓangarorin rezin biyu daidai wa daida a sikeli, da nauyi ba da ido ba. Gauraya har ruwan ya washe tas, kana kankare gefen kofi. Minti 12 ne kawai a hannunka, don haka tukunya ta kasance a buɗe, kwamfreso a cike kafin ka fara. In launi biyu kake so su yi zane, jira kofin ya yi ɗumi a tafinka, wajen digiri 35, sannan ka zuba. Wanda ya yi gaggawa launukansa za su cakuɗe su zama ruwan ƙasa. Saka mazubin a tukunya ka rufe, kai matsin psi 50 a ma'aunin iska, kada ka zarce abin da aka rubuta a jikinta. Matsin ba ya fitar da kumfa, yana ƙanƙantar da ita ne har ido ya kasa gani, saboda haka in ka saki iskar da wuri za ta dawo. Awa 4 ta isa, amma ni kwana nake bari, kuma ba na ɗora shi a inji sai bayan wasu kwanaki.

Sassaƙar ba ta da wuya. Huda ramukan fitar sauti a bayan kaskon tun yana murabba'i, ka yanke kusurwoyi, ka ɗaura. Sa garkuwar fuska da takunkumi, ƙurar rezin ba ta shaƙa ba ce. Ƙarfe mai bakin kabayid, yanka kaɗan-kaɗan, domin in ka danna sai ya ɓantare. A ciki ka bar ɗan tudu zagayayye a tsakiya inda faifan gilas mai inci 3 zai zauna, shi ne mai amsa sauti. A baki ka yanka ɗan mataki don sileti mai inci 3 da rabi. Tsakanin faifan biyu a bar tazara wajen kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma kada gefen ɗayansu ya taɓa bango, in ya taɓa muryar ta mutu. Goge da samfefa jiƙaƙƙiya, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya yi sheƙi.

Manna faifan biyu da gam mai danƙo irin E6000, siririn layi kawai, ka ɗora ɗan nauyi ya kwana. Tsinken kuwa na katako mai tauri za ka yi, irin hikori. Kankare fuskar siletin da soson Scotch-Brite, ka riƙe tsinken kamar biro, ka zana ƙananan da'irori ba tare da ka ɗaga shi ba. In sautin ya fito siriri ƙwarai, gwada wani tsinken mai nauyi kafin ka ɗora wa kaskon laifi.