Shuka tumatir a buhu a tsakar gida

Jama'a, mai son tumatir a gida ba sai yana da fili ba, buhun shinkafa da aka juye ya wadatar. A naɗe bakinsa ya koma rabi, a huda ƙasansa wuri shida ko takwas don ruwa ya riƙa tsanewa. A haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya.

A taki ne mutane suka fi kuskure. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai a ga dashe ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. A tara shi a inuwa, ana yayyafa ruwa ana juyawa, wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi ya daina wari.

Iri ya yi sati uku zuwa huɗu kafin a dasa, da yamma, tushe ɗaya a kowane buhu. A binne karan har kusa da ganyen farko, domin wurin da ya shiga ƙasa zai fitar da sabbin saiwoyi. Rana kuwa aƙalla awa shida.

Ban ruwa da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye. Idan gindin 'ya'yan ya fara yin baƙi yana lotsawa, galibi ba cuta ba ce, ban ruwan ganin dama ne: yau a cika, gobe a manta, sai sinadarin kalsiyam ya kasa kaiwa ga 'ya'yan. A daidaita ruwa, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa.

A fara daga Oktoba, domin zafin Maris da Afrilu yana zubar da fure.