Lissafin da manomin wiwi mai lasisi zai yi kafin shuka

Inda aka halatta tabar wiwi, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka da ta buɗe kasuwa a 2018, farashi faɗuwa yake yi. Manyan gonaki sun cika kasuwa, ga dokar tarayyar Amurka ta hana kai kayan wata jiha.

Fara da sanin abin da noman fam ɗaya na wiwi (kusan rabin kilo) ke ci: lasisi, ruwa, wuta, leburori, kuɗin gwajin ingancin kaya. Gwajin nan yana cikin abubuwan da ke karya ƙananan manoma, domin in aka samu fumfuna ko ragowar maganin ƙwari, kaya ba sa shiga kanti.

Nemi mai saye, ku rubuta yarjejeniya tun ba ka shuka ba. Kada ka sayar duka a Oktoba, lokacin da kowa ke girbi.