Daga Kaduna Zuwa Guangzhou: Yawon Ƙafa da Neman Abincin Kanton

Ɗan kasuwar da ya bar shagonsa a Kasuwar Sheikh Gumi ya je birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya, ya ware rana guda ya taka birnin da ƙafa. Watannin Oktoba zuwa Disamba sun fi daɗi. Daga Afrilu zuwa Satumba ruwan sama da gumi sukan wahalar da mutum.

A sauka tashar Xiaobei a layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, a shiga lambun Yuexiu da sassafe. Mai ƙarfin gwiwa ya hau Dutsen Baiyun, ƙololuwarsa mita 382. A riƙe fasfo, ruwa lita ɗaya da lema, kuma kada a sa sabon takalmi, domin yana fasa dunduniya.

Wajen abinci ne ake tuntuɓe. Yawancin gidajen halal na Xiaobei taliya irin ta birnin Lanzhou da gasasshen nama irin na yankin Xinjiang suke sayarwa, ba girkin Kanton ba, wato girkin Guangzhou da kewayenta. A nemi alamar 清真, wato halal, a kewayen Masallacin Huaisheng. A gwada kifin da aka turara da citta da ganyen albasa, ko kunun shinkafa. A sauran gidaje, ko wainar jatan lande ana iya zuba mata kitsen alade, ana kuma sa giyar girki a miya, don haka a tambaya kafin a ci.