Yadda ake tsara tsakar gida da kewayen tsohon gida yayin gyaran gini a Sakkwato

Duk wanda ya tashi gyara gidan gado a tsofaffin unguwannin Sakkwato, irin su Ƙofar Rini ko Rijiyar Ɗorowa, hankalinsa yakan tafi ga rufi da bango da fenti, sai ya bar maganar ƙasar da ginin yake zaune a kanta zuwa ƙarshe. A ganina da ita ya kamata a fara, domin abin da yake kayar da gidan ƙasa ba tsufa ba ne, ruwan da yake kwanciya a gindin bango ne.

Kafin magina su sauke ko buhu ɗaya na siminti, maigida ya zagaya gidan tare da dattijon da ya girma a cikinsa, ya nuna masa inda tsohuwar rijiya ko shaddar da aka cike take, saboda irin wannan wuri yana iya ruftawa idan aka jibge masa kaya ko aka yawaita yi masa ban ruwa. Sannan a duba inda ruwan kowane indararo yake faɗuwa. Idan an ga ƙasa ta yi rami a wurin, ko gindin bango ya yi duhu yana zubar da ɓarɓashi idan an shafa shi da hannu, to nan ne ciwon yake. Daminar Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwanta yakan zo da ƙarfi a lokaci guda, kuma a unguwanni da yawa lungu ya riga ya fi tsakar gida tudu saboda cikon da aka yi ta yi shekara da shekaru.

Maganin wannan shi ne a gangarar da ƙasa daga bango zuwa waje, kimanin santimita 5 a kowace mita, har tsawon mita 2. A yi cikon da jar ƙasa ko marmara, a yayyafa ruwa a daɓe ta sosai, a shimfiɗa duwatsu a ƙarƙashin kowane indararo, sannan a ja magudana zuwa kwalbatin unguwa ba tare da an juya ruwan ga katangar maƙwabci ba. Kada a kafa shuka mai son ruwa a jikin bangon ƙasa ko da furenta ya yi kyau, domin danshin da take bukata kullum yana jiƙa tubali, yana kuma gayyato gara zuwa ga azara.

Itacen da aka tarar a gida, ko dogon yaro ne ko tsamiya, ya fi duk wanda za a saya daraja, musamman a garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Yawanci ba sara ne yake kashe shi a lokacin gyara ba. Leburori ne suke kwaɓa siminti a inuwarsa, su wanke shebur da kwano a gindinsa, ruwan simintin ya ƙona saiwoyin, sai bayan shekara guda ganye ya fara zuba babu wanda ya san dalili. Saboda haka a kewaye shi da zana daidai faɗin inuwarsa, a ware wa masu kwaɓi wani wuri, kuma kada a tara ciko ya binne gindinsa.

Ba na goyon bayan malale tsakar gida duka da siminti, domin yana shan rana da yini ya amayar da zafin da dare, a daidai lokacin da iyali suke shimfiɗa tabarma a waje. Ya isa a yi hanyar tafiya daga zaure zuwa ɗakuna da madafa, sauran a bar shi da yashi mai laushi.

Sabon dashe sai bayan magina sun kwashe kayansu, kuma Yuli ya fi dacewa, lokacin da damina ta zauna. A tono rami mai zurfin santimita 60, a cire ɓaraguzan gini, a gauraya ƙasar da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe. Manyan itatuwa kamar mangwaro da dogon yaro a nisanta su daga bango da shadda aƙalla mita 6, a fifita ɓangaren yamma inda ranar la'asar take dukan ɗaki. Ƙaramin fili kuwa zogale da lemun tsami da lalle sun wadatar da shi, kuma idan aka dasa su kusa da wurin alwala, ruwan da yake zuba kullum zai riƙe su har su wuce hunturu da bazarar farko, muddin an yi musu shinge saboda awaki.