Yadda Ake Kwafe Tsohon Kundin Sihirin Turawa ta Intanet

A shekarar 2017 ɗakin karatu na Newberry da ke birnin Shikago a Amurka ya ɗora hotunan wani kundin sihiri da aka rubuta da hannu a Ingila cikin ƙarni na 17, sannan ya nemi 'yan sa-kai su mayar da shi rubutun kwamfuta. Kundin ya cakuɗa Ingilishi da Latin, kuma a cikinsa akwai maganin ciwon haƙori har da hanyar magana da ruhohi. Irin wannan aiki ba a biyan ko kwabo, don haka wanda yake lissafin kuɗin data ya sauke hoton shafin sau ɗaya ya ajiye.

Da farko ka zaɓi shafin Ingilishi zalla, ka ƙyale na Latin tukuna. Kada ka taɓa madannai sai ka bi shafin da ido sau biyu, ka zana haruffan marubucin a takarda kamar yadda shi yake yin su. Da waya ba ya yiwuwa, a ganina, domin allonta ya yi ƙanƙanta.

Inda sababbi suke faɗuwa shi ne rikita haruffa da gyara wa marubucin rubutunsa. Na taɓa ɓata shafi guda saboda na ɗauki doguwar s, wato tsohon salon rubuta s mai kama da f, a matsayin f, alhali bambancinsu ɗan karan da ya ratsa tsakiyar f ne kawai. Harafin e na wancan zamani yakan juya baya ya yi kama da o, ana musanya u da v, kuma layin da aka ja a kan wasali yana nufin an tsallake m ko n. Wanda ya fara karatu da rubutun warshu ya san yadda ɗigo ɗaya yake raba fa da ƙaf, to haka abin yake a nan. Abin da idonka ya gani shi za ka rubuta, ko da ka tabbata kuskure ne, musamman a jerin sunayen da ake kira cikin surkulle, waɗanda yawancinsu ba su cikin kowane ƙamus, kuma masu bincike da su suke gano wane kundi aka kwafa daga wane.

Sauran mai sauƙi ne. Ka yanke layi inda marubucin ya yanke, kalmar da ta gagare ka ka yi mata alamar da masu aikin suka tanada, hatimi kuwa ka ambaci wurinsa kawai, sannan ka adana domin wani ya duba.