Yadda ɗan wasan badminton zai koma gasa bayan jinyar rauni

Ɗan wasan da ya daɗe yana jinyar gwiwa ko idon sawu yakan ɗauka ya warke ran da ya tashi da safe ya taka ƙasa bai ji zafi ba, alhali zafi yana riga rauni tafiya. A tsawon makonnin da ƙafa ta yi tana hutawa, tsokar cinya da ta sharaɓa sun zube, jijiyoyi sun manta da ɗaukar nauyi, numfashi ma ya ragu. Wanda yake shakka ya ari tef ɗin tela ya auna kaurin cinyoyinsa biyu, kamu ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa, zai ga bambancin da idonsa. Saboda haka ranar komawa fili ba a kalandar gasa ake duba ta ba, ƙafar ce za a gwada mataki-mataki har ta nuna za ta iya.

Filin badminton ƙarami ne, tsawonsa mita 13.40, faɗinsa mita 5.18 a wasan mutum ɗaya da mita 6.10 a wasan bibbiyu, kuma wannan ƙanƙantar ce take yaudarar mutane su raina wahalarsa. Ba a doguwar tsere a cikinsa, aikin duka na tashi ne da tsayawa farat ɗaya: ka zabura gaban raga ka kafa ƙafa guda ta tare nauyin jikinka, ka ja da baya, ka yi tsalle, ka dira kana murɗa ƙugu. A tsarin maki 21 da aka fara amfani da shi a 2006, hutun da ake bayarwa daƙiƙa 60 ne idan wani ya kai maki 11, sai minti biyu tsakanin zagaye da zagaye, kuma karawar da ta kai zagaye uku tana iya cin awa guda. Jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ta fi tsinkewa a wurare biyu, wato lokacin da aka dira kan ƙafa ɗaya bayan bugun sama a kusurwar baya ta ɓangaren da ba na hannun raket ba, da lokacin da aka kafa ƙafa aka juya da sauri. Agara kuwa takan tsinke ne wajen zabura gaba daga bayan fili. Duk shirin da za ka yi, waɗannan motsin ne kake shirya wa jikinka.

Abu na farko shi ne ka san ainihin abin da ya same ka. Mun saba idan aka yi targaɗe ko gocewar ƙashi a nufi wurin mai ɗori, a ja, a gasa, a ɗaure, kuma ba na raina wannan sana'a ta gado. Amma jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa ba ta haɗuwa da ja ko gashi, hoton radiyo ma ƙashi yake nunawa, ba ya nuna ta. Idan gwiwarka ta yi ƙara lokacin da ka ji ciwon, ta kumbura nan take, ko kuma har yanzu tana sulluɓe maka idan ka juya, to likitan ƙashi ne zai duba ka, ko da hakan na nufin ɗan Tawa ya hau mota zuwa Yamai. Ka tambaye shi sunan raunin, da motsin da ya hana ka, da lokacin da za ka dawo ya sake dubawa, sannan ka nemi kine, wato ma'aikacin lafiya mai sa majinyaci atisayen motsa gaɓoɓi, wanda zai bi ka har ƙarshe. Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki makonni kaɗan, tsinkewar agara wata shida ko fiye, jijiyar tsakiyar gwiwa kuwa bayan tiyata likitoci da yawa ba sa yarda a koma irin wannan wasa kafin wata tara.

Matasa sukan kawo misalin Carolina Marín ta Sifen, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Jijiyar gwiwarta ta dama ta tsinke a watan Janairu na 2019 a wasan ƙarshe na wata gasa a Indonesiya, amma a Satumba na shekarar ta dawo har ta lashe babbar gasar Sin. Gaskiya ne, sai dai a lokacin ita aikinta ke nan safe da yamma, tana da likitoci da masu horarwa da ke kewaye da ita. Kuma labarin bai tsaya nan ba, domin a 2021 gwiwar hagu ta tsinke ta rasa gasar Tokiyo, sannan a 2024 a Faris ta dama ta sake cin amanarta tana kan gaba a wasan kusa da na ƙarshe. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne ƙafar da ake kira lafiyayya ita ma tana bukatar aiki, tunda ita ta ɗauki nauyin jiki duk tsawon jinyar.

Kafin ka taka fili da niyyar gudu, akwai gwaje-gwaje da za ka yi a tsakar gida, da izinin kine. Ka dafa bango ka tsaya kan ƙafa ɗaya, ka ɗaga diddige sama ka sauke a hankali, ka ƙirga sau nawa za ka yi kafin ka gaza. Idan lafiyayyar ta yi ashirin da biyar, mai raunin ta tsaya a goma sha biyu, to da sauran aiki. Ka zauna kan kujera ka miƙe da ƙafa ɗaya, wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gaba, ka duba ko gwiwar tana karkatowa ciki, domin wannan karkatar ce take tsinka jijiya. Daga nan ka ja layi da alli a ƙasa, ka yi tsalle gaba da ƙafa ɗaya ka dira a kanta ba tare da tangaɗi ba, a sa alama a diddige, a auna. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka fi bi ita ce mai raunin ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na abin da 'yar'uwarta ta yi.

Raket ba sai ya jira ƙafa ba. Tun kana jinya za ka iya tsayawa wuri ɗaya kana sabis da ƙananan bugun gaban raga don kada hannu ya mutu. Ƙafa kuwa tana da tsari: tafiya mai sauri da keke, sai sassarfa a miƙe, sai takun fili babu ƙwallo, inda za ka riƙa zuwa kusurwoyi shida na fili kana dawowa tsakiya da rabin saurinka. Wannan mataki na takun fili shi ne aka fi tsallakewa saboda ba shi da daɗi, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, domin a nan ne ƙafa take sake koyon inda za ta sauka. Wajen zabura gaban raga ka lura diddige ya fara taɓa ƙasa, yatsun ƙafa da gwiwa su fuskanci wuri ɗaya. Idan wannan ya zauna, sai abokinka ya riƙa jefo maka ƙwallo wurin da kuka yi alkawari, daga baya ya riƙa jefowa inda ya ga dama, sannan ku buga a rabin fili, sannan cikakken fili zuwa maki 11. Tsalle da bugun kisa, wato dukan ƙwallo da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, su ne na ƙarshe.

Alƙalin kowane mataki shi ne safiyar gobe. Ɗan tsamin jiki da ya lafa kafin gari ya waye ba abin damuwa ba ne, amma idan ka tashi da kumburi, ko ɗingishi, ko taurin da ya fi na jiya, ka koma matakin baya ka yi kwanaki a kansa. Gwiwar da ta sulluɓe ko ta kafe ta ƙi miƙewa kuwa ta likita ce, ba ta haƙuri ba. Ka bar kwana guda tsakanin atisaye mai nauyi da wani, kada ka ƙara tsawon lokaci da sauri a rana ɗaya, kuma ka riƙa rubuta abin da ka yi da yadda ka kwana a ƙaramin littafi.

Wanda raunin nasa na kafaɗa ne ko gwiwar hannu, ya sassauta ɗaurin igiyar raket, ya fara da bugun ƙasa da na tsakiya, ya ƙayyade adadin bugun sama da zai yi a rana, ya kuma dage da jan roba don ƙarfafa bayan kafaɗa.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. Da yawanmu a kan siminti muke bugawa, shi kuwa ba ya sassauta wa gwiwa da agara, don haka mai dawowa daga jinya ya rage yawan tsalle a kansa. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a daɓe ta sa shi santsi, sai a goge fili da tsumma mai laima kafin a fara, a bar shi ya bushe. Ka juya takalminka ka duba ƙasansa: idan ya suɗe, ko kuma takalmin gudu ne mai tudun diddige, zai iya murɗe maka idon sawu a juyi na farko. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, ga shi ana rufe tagogi a kashe fanka saboda iska tana karkatar da ƙwallon gashi, wadda nauyinta bai wuce giram biyar da rabi ba. Ka zaɓi sanyin safiya ko bayan magariba, ka sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka, domin ƙafar da ta gaji ita ce take dira a karkace. Da azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa baki. Tsokar da ta zube kuma sai da abinci take dawowa, wake da ƙwai da kifi da nono, tare da isasshen barci.

Ina roƙon kowane ɗan wasa ya nisanci shan ƙwayar kashe zafi don ya samu ya buga. Maganin da ake saye a hannun masu talla yana rufe bakin ciwo ne kawai, kana ta murza jijiyar ba ka sani ba. Tramol kuwa, ban da jarabar da yake jawowa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu 2024.

Akwai kuma tsoro, wanda 'yan wasa ba sa son faɗa. Za ka ga ƙwallo ta nufi kusurwar da ka faɗi, ƙafarka ta ƙi zuwa, ko ka isa a makare jikinka a sandare. Wannan ba ragwanta ba ce, kuma dauriya ba ta maganinsa. Ka koma wannan kusurwar da gangan, a jefo maka ƙwallo a hankali sau da yawa, a riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ka daina tunanin ƙafar. Abokai za su ce maka, “Haba, kai dai ka daure, ai ka warke.” Ka faɗa wa mai horar da ku tun kafin a fara, “Malam, yau zagaye ɗaya zan yi, ban da tsalle,” don ya taya ka tsayawa a kan maganarka idan wasa ya yi daɗi.

Kada ka sa sunanka a gasa sai ka yi makonni kana cikakken atisaye tare da sauran 'yan wasa, ka kuma gwada buga karawa biyu a yini ɗaya ka kwana lafiya, tunda a gasa haka ake yi, wani lokaci ma fiye. Ka fara da ƙaramar gasa ta cikin gari, ka shiga rukuni ɗaya kawai. Wasan bibbiyu yana rage faɗin filin da za ka rufe, amma ya fi sauri da yawan tsalle, saboda haka mai ciwon kafaɗa kada ya ɗauke shi a matsayin sauƙi. Ranar gasa ka ɗumama jiki na kusan minti ashirin har gumi ya tsattsafo, ka sake ɗumamawa idan jira ya yi tsawo, kuma duk ɗaurin idon sawu ko na gwiwa da za ka sa ya zama wanda ka riga ka saba bugawa da shi. Ku yi yarjejeniya da mai horarwa a kan alamun da idan suka bayyana za ka ajiye raket ko da kana kan gaba da maki. Bayan gasar ka huta kwana biyu, ka sake yin gwajin diddige da na tsalle, sannan ka ci gaba da aikin ƙarfafa cinya da sharaɓa sau biyu a mako har tsawon kakar wasan.